Ƙofar da Doka ta Hana Rufewa

Har gobe ba na mantawa da wata Talata ta lokacin zafin 2014, ina mataimakiyar rajistara a wani ofishin rajistar aure da mutuwa na ƙaramar hukuma a Birmingham. Ku ma'aikatan da kuka zo daga baya ba ku ga tsuke bakin aljihun da gwamnati ta yi ba. An sallami abokan aikinmu, aikin mutum uku ya dawo kan ɗaya.

A watan Maris na shekarar ne dokar auren jinsi ɗaya ta fara aiki. 'Yan uwa Musulmi a unguwar Sparkbrook sun sha tare ni: "Hajiya Bilki, ke ma za ki sa hannu?" Nakan ce na san abin da addinina ya ce, kuma ina nan a kai. Amma ni ba liman ba ce, abin da doka ta ɗaura shi nake rubutawa.

Tsarin shi ne shugabarmu, Madam Pauline, ta karanta kalmomin ɗaurin auren, ni in rubuta, shaidu biyu su gani. Ranar dattawa biyu ne za su auri juna, Mista Derek da Mista Colin, duk sun haura saba'in. Colin yana kan keken marasa lafiya, likitoci sun riga sun fid da rai da shi.

Za mu fara sai Derek ya tashi ya rufe ƙofa ya murɗa makulli. Na je na buɗe. Ya sake rufewa. "Madam, in ba a rufe ba na fasa."

Pauline ta raɗa mini: "Bilki, lallaɓa shi. Ba mu da wani gurbi sai wata mai zuwa." Duk mun san Colin ba lallai ya kai ba.

Na ja shi gefe na tambayi dalili. Ya ce kafin 1967 zama irin nasu laifi ne a Ingila. Yana saurayi 'yan sanda suka faɗo masa ɗaki, jarida ta buga sunansa, aka kore shi daga koyarwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Gaskiya ya ba ni tausayi.

Na ce, "Yallaɓai, doka ce ta ce a ɗaura aure ƙofa a buɗe, kowane aure. Ba don a kama ka ba, don kada gobe wani ya ce ba a yi ba."

Colin ya ɗaga murya daga kekensa: "Derek, ka bar wa matar nan ƙofarta, ba ni da lokacin gardamarka!" Derek ya yi dariya da hawaye, ya buɗe ƙofar da kansa, ya jawo kujera ya tokare ta.

Colin bai ga watan gaba ba. Derek ya zo rajistar rasuwa, ɗakin jira cike. Na yi masa tambayar da muke yi wa kowa, alaƙarsa da mamacin. Bai waiga ba, bai rage murya ba, ya ce, "Mijina ne."

To ku ji. Majalisa takan canja doka da ƙuri'a, amma tsoron da tsohuwar dokar ta bari a teburinmu yake zama. In mutum ya kafe a kan ƙaramin abu, ku tambaye shi kafin ku karanto masa ƙa'ida.