Kawu Mai Jaka da Hatimin Mayarwa

Kafin masu shaguna su gama share ƙofofinsu, Kawu Mai Jaka ya riga ya jingine kekensa a katangar gidan waya. Haka muka taso muka gan shi. Zai buɗe tagogi, ya goge kanta da tsumma, ya zazzage buhun da mota ta kawo a kan dogon teburin nan da aka tokare ƙafarsa ɗaya da kwali. Sai ya tsaya yana rarraba wasiƙu unguwa-unguwa, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yara. Fankar ofishin ta daina juyawa tun ina firamare, har yau kuma ana jiran mai gyara daga hedikwata. Da rana ta ɗan ɗaga sai ya rataya jakar fatar da ta jawo masa suna, ya ɗaure bakin wandonsa da roba kada sarƙar keke ta ci shi, ya kama hanya.

A ƙarshen watan nan zai yi ritaya ya ajiye jakar, shi ya sa na ga ba zan yi shiru ba. Ni ba mai yabon ma'aikatun gwamnati ba ce. Na sha zaman benci ina jiran wanda aka ce ya ɗan fita, alhali ko hularsa ba ta shigo ba tun safe. Amma duk ranar da aka zauna ana yi da ma'aikata, ana cewa ai aikin gwamnati ba na uban kowa ba ne, nakan ce a cire mini mutum ɗaya.

Matar da ke ɗinki a bakin tsohon layinmu har yanzu tana ba da labarin ranar da ta gan shi cikin ruwan sama, ya tuɓe rigar ruwansa ya naɗe jakar da ita, shi kuwa ya jiƙe sharkaf. Mai askin unguwa kuma ƙorafi yake yi. Mutumin da babu labarin da ba ya ƙarewa a kujerarsa, ya ce shekara da shekaru Kawu yana karanta wa tsofaffi wasiƙunsu, yana zuwa aski duk wata, amma ko kalma ɗaya bai taɓa samu daga bakinsa ba. Ya ce aske kan Kawu asara ce.

Nawa labarin na cikin gida ne. Baba kafinta ne, kuma ya so babban yayanmu ya gaji shagon, shi kuwa Yaya tuƙin manyan motoci ne a ransa. Taurin kansu iri ɗaya ne. Rannan magana ta yi zafi, Baba ya ce idan ya fita kada ya dawo, shi kuma ya ɗauki maganar da gaske. Shekaru suka wuce ba labari, lokacin kuma waya ba ta shiga hannun kowa ba. Ana nan aka rushe wani sashe na unguwarmu don a fitar da sabon titi, muka koma haya can wani gefen gari. Inna ba ta yi kukan gidan ba. Abin da ya hana ta sukuni shi ne, in ɗanta ya neme mu, ina zai same mu?

Ashe kuwa ya neme mu. Wasiƙarsa ta iso gidan waya da adireshin gidan da ya riga ya zama kwalta.

A ƙa'idar aikinsu, wasiƙar da ba a sami mai ita ba akan ɗan ajiye ta, sannan a buga mata hatimi a mayar wa wanda ya aiko. Aikin ɗaga hannu ne kawai, ba wanda zai ga laifinka. Amma Kawu can ƙasan aljihun tebur yake ajiye wannan hatimin, ƙarƙashin tarkacen igiyoyi, don kada hannunsa ya saba da shi. Yakan ce hatimin yana faɗin ba a samu ba ne, amma wanda aka mayar wa abin da yake ji shi ne an ƙi shi. Ya ga sunan Yaya a bayan ambulan, ya kuma san yadda aka rabu. Saboda haka kullum ya tashi aiki sai ya shiga cigiya. Mai askin ya tura shi wurin mai injin niƙa, mai injin ya tura shi tasha, a can ya sami direban da ya kwashe mana kaya. Shugaban ofishinsu yana ta tuna masa cewa wa'adin ajiya ya kusa cika, shi kuma yana cewa ranka ya daɗe, a ƙara mini haƙuri.

Wata rana da yamma Kawu ya iso gidan da muka koma. Baba na zaune a ƙofar gida yana goge wata 'yar kujera, ciwo ya riga ya fara cin ƙarfinsa, ƙafafunsa a kumbure. Suka gaisa, Kawu ya miƙa masa wasiƙar. Baba ya juya bayanta, ya ga sunan, ya miƙa masa abarsa.

"Mayar masa, Mai Jaka. Ba ni da ɗa a can."

Ina tsaye kusa da Inna a bayan labule, na ji ta riƙe hannuna har ya yi zafi. Na zaci Kawu zai shiga ba da haƙuri ko ya yi wa'azi, wanda na san a banza ne, don manyan dangi sun yi sun gaji. Bai yi ko ɗaya ba. Biro ya zaro daga aljihu.

"Ba laifi, Maigida. Sai dai ba zan buga cewa ba a same ka ba, tunda ga ni ga ka. Wanda ya ƙi karɓa, ƙa'ida ita ce ya rubuta a baya da hannunsa cewa ya ƙi, ya sa hannu. Haka za ta koma masa, ya ga rubutunka."

Baba ya karɓi biron, ya ɗora ambulan a gwiwa. Can ya ce biron nan ba ya kamawa. Kawu ya zaro wani ya miƙa masa. Baba ya ɗago ya harare shi, ya ce, "Kai dai ba ka da kirki." Sai ya cusa wasiƙar a aljihun rigarsa ya ci gaba da gugar kujerarsa. Kawu ya karɓi birukansa, ya roƙi ruwa ya sha, ya hau kekensa.

Ba a daɗe da aika masa amsa ba Yaya ya dawo. Shi ya riƙa ɗaga Baba yana kwantar da shi, shi ke yi masa wanka da ciwon ya tsananta, suna yi suna gardama a kan yadda ake riƙe zarto.

Kawu, kai ne ka nuna mini cewa ƙa'ida ba ta hana tausayi, in dai mai riƙe da ita yana da zuciya. Kai ne ka ɗauki amanar mutanen da ba su ma san suna da saƙo a hannunka ba. Yanzu masu kawo kaya sai su kira ka a waya su ce ka fito bakin titi, in ka yi jinkiri su wuce. Ina kewar zamanin da saƙo ke neman mutum har ƙofar ɗakinsa, ba kuma zan ɓoye ba.

Ku da ke zaune bayan tebur a ofisoshin gwamnati, kowannenku yana da irin wannan hatimin a gabansa. Kafin ku buga, ku tashi ku tambaya tukuna.

Kai kuma Kawu, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka. Bayan an share makokin Baba, Yaya ya gaya mini abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ya ce sau ɗaya tak ya yi niyyar rubutowa, kuma ya riga ya ƙudurta cewa in wasiƙar ta dawo masa, shi da gida har abada. Baba ya cika, kansa na kan kafaɗar ɗansa. Mun gode.