Randar Bakin Hanya

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ƙaramar hukuma ta kira taro kan filin bayan gidanmu a Nassarawa GRA. Ana so a yanka shi fuloti-fuloti, a toshe 'yar hanyar da mutanen unguwar Badawa ke bi zuwa lambun shaƙatawa. Wasu suka ce a bar hanyar. Ni kuwa na miƙe, na gyara babbar riga, na ce ai matattarar 'yan iska ce, samari da 'yan mata ke cuɗanya a wurin. Aka ɗauki kabbara. Ƙarya na shara. Fulotin jikin katangata nake hari, kuma na samu.

A bakin hanyar nan marigayi mahaifina ya kafa randa don masu wucewa, tsohon mai gadinmu ke cika ta kullum. Da magina suka gama ja mini katanga, mai gadin ya same ni da moɗa a hannu.

"Alhaji, randar Baba ta koma cikin gida. Wa zai sha, ladan ya kai masa?"

Na daka masa tsawa. Har tsohon nan ya rasu ban sake iya haɗa ido da shi ba.