Ubale, Laji Sau Goma Sha Ɗaya

Duk wanda ya zauna unguwar Ammariyya ya san Ubale mai sayar da balila, dafaffen waken Larabawa. Katangarmu ɗaya da shi. A nan Jidda aka yanke masa cibiya, haka ubansa. Kakansa ne ya zo hajji a ƙafa ya manta hanyar komawa. Kullum Ubale na tura kurarsa bakin mina, tashar jiragen ruwa, amma tsakaninsa da bahar sai kallo. Ko wanka zai yi sai ya leƙa bokitin tukuna.

Shekarar da yaƙi ya yi zafi a tsallake, wajen Musawwa, wani jirgin katako ya iso da hantsi cike da masu gudu, ya kafe a yashi kafin gaɓa. Wata tsohuwa ta tsaya bakinsa tana kuka. Ubale dai akwai tausayi, wannan ba zan hana shi ba. Ya shiga ruwa iya gwiwa, ya goyo ta, ya yi taku uku, suka kife tare.

Da aka tsamo su, masu agaji suka lulluɓa masa bargo. Wani Bature na wata ƙungiyar agaji yana rubuta sunaye, tafintansa ya tambayi Ubale da Larabcin rediyo, "Inta laji?" Wato kai ɗan gudun hijira ne? Kunnen mutumina cike da ruwa, abin da ya ji shi ne Alaji. Ya gyara zaman bargo.

"Aiwa! Sau goma sha ɗaya."

Baturen ya ajiye alƙalami ya share hawaye.

Aka kwashe su zuwa karantina. Kafin Juma'a hotonsa ya fito a wata jarida: mutumin da ya yi gudun hijira sau goma sha ɗaya, na ƙarshen da iyo, uwarsa a baya. Na je na same shi ta bayan shingen waya, kumatunsa har sun fara sheƙi.

"Kai Ubale, me kake yi a nan?"

"Uskut, yi shiru, ya Salihu. Madarar gwangwani safe da yamma, ga sardin. Matata Zakiya ta taɓa ba ni haka?"

Sai ga wakilan ƙasashe biyu, kowa na cewa gwarzon nasu ne. Ɗaya ya ce a dubi hancinsa, ɗayan ya ce a dubi tafiyarsa. Zama huɗu suka yi, suka shanye shayin mina kaf. Don kada kowa ya ji haushi, aka daidaita a ba wata ƙasa ta uku, can inda ruwa ke daskarewa a randa. Jirgi ranar Alhamis, shi da uwar tasa.

Nan sardin ya tsaya masa a wuya. Ya rantse ɗan Ammariyya ne, tafinta ya ce wahala ce ta taɓa masa kai. Takarda kuwa, duk duniya wadda ke ɗauke da sunansa ita ce ta Baturen. Zakiya ta zo da 'yan matansu uku don ta karɓi mijinta. Baturen ya yi murna iyali sun haɗu, ya ƙara mutum huɗu a jerin matafiya. Sai da na riƙe mata takalmi kada ta kwaɗa wa Baturen.

Ranar Alhamis an jera su bakin kwalekwale, Ubale ya rungume turken ɗaure jirgi yana salati. Ni kuma na samo Adamu, wani ɗan dako mai jin yaren tsohuwar, don tun zuwanta ba wanda ya tambaye ta komai. Na ce a tambaye ta ɗanta.

Ta dubi Ubale sama da ƙasa.

"Ɗana? Allah Ya kiyaye. Kwana shida na yi a bahar ban jiƙe ba sai da wannan ya ɗauke ni."

Ashe 'yarta ma na aure a unguwar Kurayyat, ita take ta kira ana ba ta madara. Baturen ya soke suna shida, ya nemi bargonsa. Ubale ya hana, ya ce halas ɗinsa ne, wannan kam ya yi masa iyo.

Tsohuwar takan zo sayen balila. In ya miƙa hannu zai tsallakar da ita kwata, sai ta ɗaga sanda. Mu kuma har yau Laji muke ce masa, kuma yana amsawa.