Ranar da Na Zaga Yamai da Autanmu

Inna ce ta kira ni da hantsi, ina kan keken ɗinki. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Autana ya taho Yamai, can abokan tafiyarsa suke. Agadas za su, daga nan Libiya. Ka riƙe mini shi." Sai kuka. Babban yayanmu ta wannan hanyar ya bi, shekara tara ke nan ko gawarsa ba mu gani ba.

Da azahar ya iso shagona a Banifandu, da 'yar jaka a kafaɗa. Na tambaye shi yaushe motarsu za ta tashi, ya ce bayan magariba, daga kasuwar Katako. Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake in kwaɗa masa mari. Amma na san halinsa, in ka ɗaga murya to ka riga ka rasa shi. Sai na haɗiye, na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Haba auta, zuwanka Yamai na farko, ka wuce ba ka ga gari ba? Ai sai a yi da ni a gida."

Dabarata ke nan, in yi ta yawo da shi har mota ta tashi ta bar shi. Na kulle jakarsa a shago, makulli a aljihuna, na ari moto, wato babur, wurin maƙwabcina. Bai yi mini gardama ko kaɗan ba, ni kuma don sakarci na ji daɗi.

Muze muka fara zuwa, inda ake ajiye namun daji. Abin kunya, shekarata goma sha biyar a garin nan ban taɓa taka ƙofarta ba, sai da na tambayi hanya sau biyu. Zaki ya juya mana baya ya yi kwanciyarsa. Na tsayar da auta a gabansa ina ta zuba labarin zakin kamar ni na haife shi, idona kuwa na kan rana, ita kuma ta ƙi motsawa. Wajen dorina ya ce, "Yaya, ɗauke ni hoto. Da wayarka, tawa ba ta fitarwa da kyau." Ya gyara wuyan riga, ya shafa kai, ya tsaya ƙyam yana murmushi. Ya duba ya ce a sake, fuskar ba ta fito sosai ba. Na sake har sau uku, ina murna lokaci na tafiya.

Daga nan kasuwar Petit Marché. Na saya masa kilishi, na zaunar da shi wajen wata Bazabarma mai kopto, kwaɗon zogale, na ce a ƙara masa. Na nuna masa manyan otal-otal, da titunan da ake kunna wa fitilu. Duk hanyar da ta nufi Katako sai in kauce mata. Ina tuƙi ina magana ta kafaɗa: zan koya maka ɗinki, zan samo maka keke, garin nan akwai arziki ga mai haƙuri.

"Yaya, ɗaki nawa gare ka?"

Ɗaya ne, na haya, ni da matata da 'ya'ya uku. Ya sani sarai. Na yi kamar iska ta ɗauke maganar.

Rana ta yi ja muna kan gada. Ga kogi shimfiɗe, ga masu kwalekwale suna komawa gida. Nan dabara ta ƙare mini. Na kama hannunsa na ce, "Don girman Allah kada ka tafi. Inna ba za ta iya biyu ba. Ni ma ba zan iya ba." Ina kuka a gaban ƙanena, mutane na wucewa suna kallo, ko a jikina. Ya daɗe yana duban ruwa, sannan ya ce, "To, Yaya. Mu je mu yi salla."

Wani ƙaramin masallaci muka samu kusa da kogi. Na shige sahun gaba, shi yana alwala. Bayan sallama na yi nafila, na ɗaga hannu na yi ta addu'a, ina jan ta da gangan don a ƙara cin lokaci. Ya Allah ka tsayar da shi, ya Allah ka lalata tayar motar nan. Da na shafa na waiwaya, masallaci ya watse. Takalmana kaɗai ne a ƙofa.

Yadda na tuƙa moto zuwa Katako, Allah ne kawai ya tsare. Mai shayin wurin ya ce yanzun nan suka ɗaga, wani dogon saurayi ya zo a guje ya haye ta baya. Na koma shago na buɗe jakar da nake ta taƙama na kulle. Tsofaffin riguna biyu ne a ciki, ba takarda ko ɗaya.

Ina zaune a ƙasa na buɗe waya, ga shi tsaye gaban dorina, wuyan riga a gyare. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ya bi ni, da wadda ya yi wa wannan murmushin. Ina cikin kallonsa wayar ta yi ƙara, Inna ce.

Shekara biyu ke nan, ba kira, ba saƙo. Hoton na wanke mata, yana rataye a ɗakinta. Duk wanda ya shiga sai ta nuna masa ta ce, "Yayansa ne ya kai shi ya ga gari."