Akwashar Marainiya

Ni dillaliya ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Mijina ya rasu ina da shekara talatin da 'yan kai, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ya bar mini ɗaki ɗaya a wani lungu kusa da Ƙofar Wambai, Allah kuma ya bar mini ƙafafuna biyu da lafiyarsu. Da su na ci abinci. Matan kulle ba sa zuwa kasuwa, ni ce kasuwarsu. In ɗauki zane a gidan nan in kai gidan can, in dawo da kuɗi in karɓi la'adata.

Yawancin kayan da nake samu na gado ne. In an yi rasuwa an yi sadakar arba'in, sai a fito da kayan mamaci tsakar gida, malamin da zai raba ya zauna da dattawa biyu ko uku, a yi wa kowane abu kuɗi. Abin da magada ba sa so, a kira mu mu sayar. To maza sun san darajar tasa, sun san ta gadon ƙarfe da babbar riga. Amma da an zo kan kayan aikin mata sai ka ga sun taɓe baki, a ture su gefe da ƙafa, a ce tarkace. Mazarin kaɗi, bakan shiɓa, ɗan ƙarfen gurzar auduga, duk sunansu tarkace. Lokacin zaren kanti ya cika kasuwa, 'yan mata suna ganin kaɗi aikin tsofaffi ne. Na gani da idona an cusa kayan saƙar wata tsohuwa a murhu an dafa tuwon sadakarta da su. Ranar ban iya cin tuwon ba.

Tun daga nan na ɗauki wata ɗabi'a. In an gama rabo sai in durƙusa in ce a ba ni tarkacen. A yi dariya a ce in kwashe, na ma rage musu shara. In kai gida in wanke, in goge tsatsa da toka, in shafa wa icen man kaɗanya, in jera a ƙarƙashin gado. Ba na sayarwa. Duk matar da na shiga gidanta na tarar tana zaune hannu rabbana, sai in tambaye ta me ta iya, gobe in kawo mata abin yi. Sharaɗina ɗaya ne: in kin gama da shi ki dawo mini da shi, kada ki sayar, kada ki ƙona. Matan lungunmu suka sa mini suna uwar tarkace. Su tsokana suke yi, ni kuwa sarauta na ɗauke ta, har amsawa nake.

A gidan da ke jikin namu akwai wata yarinya, matar wani ɗan dako, 'yar wani ƙauye ta wajen Bichi. Zazzaɓi ya ɗauke mijin cikin kwana huɗu, ya bar ta da yara uku. Da wan mijin ya zo gaisuwa daga ƙauye, ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa ranar da ta fita takaba zai dawo da jaki ya tafi da yaran, tunda ba ta da abin ciyar da su. Ita kuma, in ji shi, ta je ta nemi miji. Ba wanda ya ce ya yi laifi, 'ya'yan ƙaninsa ne.

Na shiga wurinta bayan wata biyu na tarar ta rame kamar kara. Na yi mata tambayar da na saba.

Ta ce, "Yaya, na iya saƙar gwado. Kakata ce ta koya mini. Amma ko tsinke ban zo da shi birni ba."

Itatuwan kafa masaƙa ba wuya, a rana ɗaya za a haɗa su a jikin bango. Wahalar tana ga akwasha, wato katakon nan mai faɗi kamar takobi da masaƙiya ke buga zare da shi ya zauna. Sabuwa daga hannun masassaƙi cin zare take yi, tana tsinka shi, sai ta shekara da shekaru a hannu kafin ta yi santsi. Wadda ke da saura wata biyu ba ta da lokacin horar da ice. Guda biyun da nake da su kuwa duk suna hannun mutane, ba zan ƙwace abincin wata in ba wata ba. Na dai ce mata ta kwantar da hankalinta, zan samo. Na fito ina tambayar kaina a ina.

Ba a yi sati ba aka aiko kirana rabon gado a Ƙofar Mata. Wata tsohuwar masaƙiya ce ta rasu, wadda duk mai aurar da 'ya a birni ya san gwadonta. Ta bar 'ya'ya maza biyu. Ƙaramin ya bi ta bayan kwana ashirin, tun ba a raba ba, don haka rabonsa ya gangaro kan iyalinsa, ciki har da 'yarsa mai shekara huɗu.

Ina shiga idona ya faɗa kan akwashar marigayiyar. An jingine ta kusa da murhu tare da itacen girki. Ta icen kanya ce, ta yi baƙi wuluk, tana sheƙi, gefen da ake riƙewa har ya lotsa daidai yatsun mai ita. Na daure na yi kamar ban gani ba har aka gama yi wa tasoshi da zannuwa kuɗi. Sannan na durƙusa daga bakin ƙofa na ce a ba ni tarkacen.

Babban ɗan, wani ɗan kasuwa mai kai kayan fata filin jirgi yana sayar wa Turawa, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Kwashe, baiwar Allah."

Har na miƙa hannu sai malamin ya ɗaga nasa. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne, muryarsa ba ta fita sosai, amma in ya yi magana kowa shiru yake.

Ya ce, "Dakata. Akwai marainiya a cikin magadan nan. Ko tsintsiya ce ba mai ikon kyautarwa sai an yi mata kuɗi."

Dattawan suka dubi icen suka ce ai itacen wuta ne, a sa kwabo. Raina ya yi fari, don akwai kwabo a ƙulle a bakin zanena. Sai malamin ya juyo gare ni.

"Ke kika san kayan mata, mu ba mu sani ba. Tsakaninki da Allah, haka kuɗinta yake?"

Duk dillalin da ke son kaya kushe su yake yi, wannan shi ne karatun farko a sana'armu. Da na ce haka ne, da magana ta ƙare, in ɗauka in tafi, yara uku su zauna da uwarsu. Ba wanda zai taɓa sani. Amma yarinyar tana nan zaune a ƙofar ɗaki tana wasa da murfin kwano, kuma mutumin nan ya haɗa ni da Allah. Na ji bakina yana cewa, "Allah gafarta Malam, ta fi waccan babbar tasar daraja. Duk birnin nan ba za a sami uku irinta ba."

Wallahi na ji haushin bakina a lokacin. Babban ɗan ya taso ya ɗauke ta, ya jujjuya, ya shafa. Na ga idonsa ya canza. Ya ce Turawa suna son irin wannan baƙin tsohon icen, ratayewa suke a bango, a sa masa ita cikin rabonsa. Abin da hannun uwarsa ya shekara hamsin yana gogewa, zai tafi ƙasar da ba a san ma me ake yi da shi ba.

Mace ba ta tsoma baki a rabon gado, balle dillaliya da aka kira ɗaukar kaya. Amma na riga na yi asara, me kuma ya rage in ji wa tsoro? Na ce Malam ya yi mini izini in ƙara magana ɗaya. Ya ce in faɗa.

Na ce, "Kayan aikin mace ne. A cikin magadan nan akwai jikar mai shi. In an sa shi a rabonta, ya zauna a gidansu."

Babban ɗan ya yi dariya ya ce, "'Yar shekara huɗu me za ta yi da ice?"

Malamin bai kula shi ba. Ya sa aka tambayi uwar yarinyar daga cikin ɗaki. Ta aiko da cewa tana so 'yarta ta sami abin kakarta. Babban ɗan ya ga idon dattawa a kansa, kunya ta kama shi, ya ce to a ba shi tasar. Aka ba shi. Malamin ya ce sai a naɗe akwashar a ajiye wa yarinya har ta girma.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ta ajiyuwa. Irin wannan icen hannu ne ke raya shi. In aka jingine shi shekara takwas ba aiki, bushewa zai yi ya karkace ya tsage. Ranar da yarinyar za ta karɓa, itacen wutan da dattawa suka faɗa za ta karɓa."

Ya dube ni ya daɗe, irin duban da ake yi wa wanda ake zargin yana da wata manufa. Ni kuwa ina da ita, don haka na faɗa masa gaba ɗaya: maƙwabciyata, takabarta, yaranta uku, da jakin da ke tafe. Sai ya sa aka kira wata tsohuwa daga cikin gida ya tambaye ta ko gaskiya ne ice yana lalacewa da zama. Ta ce gaskiya ne, marigayiya ko ciwo take sai ta sa an miƙo mata ita ta shafa.

A gaban shaidu ya damƙa mini ita amana. Ya ce dukiyar marainiya ce, ba tawa ba, ba ta maƙwabciyata ba. Wadda za ta yi aiki da ita za ta riƙa kai wa yarinyar gwado ɗaya duk shekara, in yarinyar ta kai munzali kuma ta koya mata saƙar, a mayar mata da abinta. In ta karye da sakaci, a wuyana. Na ce na ɗauka. Duk sharuɗɗan nan an cika su daga baya, ba wanda aka tauye, kuma har yau in na tuna sai in ji kaina ya ƙara girma.

Na naɗe ta a mayafina na ɗora a ka, na ratso gari ban tsaya gaisawa da kowa ba. Da na kwance a gaban maƙwabciyata, ta sa hannu a gurbin yatsun tsohuwar, sai hawaye. Na ce ta share, kuka ba ya saƙa gwado. Na zaga gidajen matan da na ba mazarai, kowace ta ba da zaren da ta kaɗa, aka kai rabi marina aka tsoma a baba. Cikin kwana uku an kafa masaƙa a jikin bangonta. Gwadon farko da ta sauke gefensa ya ɗan karkace, ni na saye shi don kada kowa ya gani. Na biyu kuwa ban kai shi gida na uku ba aka karɓe. Kafin wata ya ƙare, hayaƙi yana tashi a gidan safe da yamma.

Washegarin fitarta takaba, da hantsi, wan mijin ya iso. Na ji kukan jakin tun daga ɗakina. Na riga kowa fita, na shimfiɗa masa tabarma a zauren gidan nasu na kawo ruwa. Dogon mutum ne, ƙafafunsa duk faso, ka gan shi ka ga wanda shi ma daminar ba ta yi masa kyau ba. Muka gaisa. Daga cikin gida ana jin bugun akwasha, tim, tim, ba tsayawa.

Ya ce, "Wa ke aiki?"

Na ce, "Matar ƙaninka ce."

Na shiga na ɗauko gwadon da ta sauke jiya na ajiye a gabansa. Ya warware, ya ɗaga shi ga haske, ya ja gefe da gefe ya ga ba ya buɗewa. Ya ce a turo masa yaran. Suka zo suka durƙusa, ƙaramin da ragowar ɗumame a hannu. Ya kama hannun babban ya latsa damtsensa, ya dubi cikin idon ta tsakiyar. Na gane a lokacin ba mugunta ce ta kawo shi ba, tsoro ne kada jinin ƙaninsa ya lalace a birni. 

Can ya ce, "A bar su tukuna. Allah ya yi mata albarka."

Ko abinci bai tsaya ci ba, ya ce hanya da nisa. Na raka shi bakin lungu, na tsaya har ya sha kwana.

Da na koma ciki bugun bai tsaya ba. Tana durƙushe gaban masaƙa ta ba ƙofa baya, tana ta bugu, ashe tun ɗazu ba zare a tsakani, ta kasa juyowa ne kawai. Na dafa kafaɗarta.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Yaya, da wanne ya tafi?"

Na ce, "Juyo ki gani."

Ta juyo. Suna tsaye a bakin ƙofa, su uku.