Baba Sanyi da Bugun Ciki

Baba Sanyi ake ce masa, saboda shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a ɗakin ajiye gawa na asibiti, can baya kusa da wurin wanki. Shi ke karɓar gawa, ya ɗaura mata lamba, ya wanke tebur, ya miƙa wa likita kayan aiki idan za a binciki musabbabin mutuwa. Matarsa takan ce ko wuta ya zauna kusa da ita sai ta yi sanyi.

Wata shekara wata likita ta zo tattara bayanan waɗanda suka rasu sakamakon bugu a ciki, irin wanda ba ya huda fata. Ta jibge takardu a teburinsa.

"Likita, bari in rage miki wahala," in ji shi. "Yawancinsu maza ne, majiya ƙarfi. Babur, mota, sai masu faɗowa daga gini. Saifa ce ko hanta ke fashewa. Da yawa da ƙafarsu suka koma gida, washegari aka kawo su."

"Baba, ƙirgawa ka yi?"

"Ni na wanke su."

Bayan mako uku ta dawo ta ce haka ta samu, sai dai mata sun fi yadda ya zata. Ya ce to, ilimi ya fi ido.

Ba a yi wata biyu ba surukinsa, mijin 'yarsa, mai gyaran famfo, ya zame da babur da hantsi, kan babur ɗin ya buge shi ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ya kakkaɓe wando, ya biyo gidan surukai ya ɗan huta. Baba ya dawo cin abincin rana ya same shi a durƙushe yana gaisuwa, gumi na zuba, leɓe ya yi fari, yana dafe kafaɗa.

"Tashi mu je asibiti."

"Baba, ko ƙwarzane babu."

"Masu zuwa wurina ma haka suke."

Kunyar suruki ce ta hana shi gardama. Kafin la'asar an shiga da shi tiyata, aka tarar jini ya cika ciki, aka cire saifar. Kwana tara ya yi aka sallame shi.

Baba ya yi ritaya bayan shekara biyu. Yanzu jikoki yake kaiwa makaranta, a ƙafa, ko da uban ya ce ga babur.