Ranar da Kallamu Ya Kashe Rediyo

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a kasuwar Birnin Konni ya san Kallamu, kuma da wuya a ce bai yi masa ƙorafi ba. A wajen iya aiki babu na biyunsa, halinsa ne sai haƙuri. Kallamu ba ya miƙa wa mutum rediyonsa sai ya zauna ya ji labarai da shi, tun daga sallama har rufewa. Ko motar Alela na shirin tashi ta bar ka, dole ka jira. Shi a wurinsa, rediyon da ya yi magana minti biyu bai warke ba, sai ya ɗau zafi bai shaƙe ba tukuna.

Shekara arba'in yana wannan. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, sai ga shi ya san ƙasar da ta yi fushi da wata, da taron da aka tashi baram-baram, da cutar da ta ɓulla a bakin teku. Da wayoyin hannu suka cika gari, masu zuwa rumfarsa suka koma tsofaffi da makiyaya. Maƙwabcinsa Yakuba mai cajin waya ya laƙaba masa suna Ambasada, don tsokana.

Babbar damuwar Kallamu ita ce ƴarsa Bushira. Shekara tara tana aiki a ɗakin shan magani na wani ƙauye a Dogarawa, tana allura, tana awon ciki, amma a kan kwantaragi. Ba ta da matrikil, lambar da ke sa mutum ya zama cikakken ma'aikacin gwamnati. Sau biyu tana shiga konkur, jarrabawar ɗaukar aiki, sau biyu takardar al'amuran duniya na kayar da ita. Bana kuwa shekarunta sun zo bakin iyakar da aka gindaya. In ta faɗi, ƙofa ta rufe ke nan.

Ta ɗauki hutu ta dawo gida da wani littafin fotokofi mai kauri, irin wanda kowane mai shiga konkur ke rungume da shi. Gida ya yi mata hayaniya, sai ta riƙa zama a bayan rumfar uban tana hadda da Faransanci. Kallamu ba ya jin Faransanci, amma ya san lambobi, kunnensa kuma ya saba da sunayen ƙungiyoyi. Ranar nan ya ji ta ambaci Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen yammacin nahiyar nan, ta ce ƙasashe goma sha biyar, har da Nijar.

"Mi kinka ce, ɗiyata?"

"Karatu nikai, Baba."

"Na jiya. Amma mu ai mun hita wagga ƙungiya, mu da Mali da Barkina."

Bushira ta san da haka, wa bai sani ba? Sai dai a lakwal an koya mata cewa abin da ke cikin littafi shi ake rubutawa. Ta ce masa cikin ladabi, konkur daban, hirar kasuwa daban. Maganar ta sosa masa rai ƙwarai, amma ya haɗiye. Ya ce to ta fassara masa shafin lafiya ya ji. Ta karanta cewa har yau ba a sami allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro ba.

Kallamu ya ajiye ƙarfen dalma. Wannan zazzaɓin ne ya ɗauke masa ɗan farinsa Alhasan, yana shekara uku, a wata damina tun kafin a haifi Bushira. Ranar da ya ji an samu allurar, rediyo uku ya kunna don ya tabbata ba kunnensa ba ne.

"An samu," ya ce. "Hukumal lahiya ta duniya ta yarda da ita. Wasu ƙasashe sun hwara, mu ma an soma can wajen Gaya. Duba mini shekarad da anka buga littahin ga."

Ta juya bango. Littafin ya fi shekara bakwai, sabuwar fuska kawai aka manna masa. Ta bincika a waya, ta tarar yadda tsohon ya faɗa haka yake. Kunya ta kama ta har ta kasa ɗaga kai.

Mako uku suka yi suna aiki bayan la'asar. Shi yana zuba bayani da Hausa, ita tana mayarwa Faransanci. Ya gaya mata yadda ƙasashe ke haɗa ranar ɗigon shan inna don kada yaron da ya tsallaka iyaka ya kuɓuce, da dalilin da ya sa annoba a wata nahiya ke hana magani isowa Konni. Shekarun da yake ambata dai ba su da lamba, sai ya ce shekarar ambaliya ko shekarar da aka rufe boda, ita ce mai nemo lambar a waya. Yakuba ya leƙo ya ce Ambasada ya buɗe jami'a.

A Tawa aka yi konkur. Da Bushira ta buɗe takarda, tambayar a kan yaƙi da zazzaɓin cizon sauro take, da rawar da haɗin kan ƙasashe ke takawa. Ta rubuta har aka ce a ajiye alƙalami, muryar ubanta na yi mata yawo a kunne.

Sakamako ya yi wata huɗu bai fito ba. Wata Laraba da hantsi, Kallamu na gwada rediyon wani makiyayi, mai karanta labarai bai ko gama kanun ba, sai ga kabu-kabu ya tsaya. Bushira ta diro, mayafi a hannu, tana kuka tana dariya.

"Baba, suna ya hito! Ni ta ukku a jihar Tawa duka!"

Yakuba ya baro rumfarsa da gudu, ya kama hannun Kallamu da hannu biyu ya ce, "Ranka shi daɗe, Ambasada," wannan karon ba da wasa ba. Farin ciki ya cika tsohon. Ya kai hannu ya kashe rediyon ana tsakiyar labarai, abin da kasuwar Konni ba ta taɓa gani ba, ya miƙa wa makiyayin.

"Ba ka ƙare ji ba, Malam," in ji makiyayin.

Kallamu ya share ido da hannun riga.

"Tahi da abinka. Na ji labarin yau."